Mussa da kayan ɗaki: ƙaƙa za mu hana ta ɓarna ba mu kore ta ba?

  

Yau hirarmu bisa mussa take. Wasu na ce mata kyanwa, wasu mage. Namijin shi ne muzuru. Wani zai ce: "Mussa kuma? Ina abin magana ga mussa?" To, ku saurara.

Ga abin da ke faruwa a gidaje da yawa. Uwargida ta tafi rijiya ko kasuwa. Ta dawo, ta iske katifa a yage, soso ya fito waje. Ko ta iske gefen sabuwar tabarma ya warware, ko sange ya huje. Ranta ya ɓaci. Ta ɗauki tsintsiya ta bi mussa da duka. Gobe mussa ta sake. Jibi ta sake. Ran nan mai gida ya gaji, ya ce ma yaro ya sa ta cikin buhu ya kai ta daji ya yar. Gida ya yi shiru. Bayan wata 2 ko 3, sai a fara jin motsi cikin rumbu da dare. A buɗe buhun hatsi, a iske kashin ɓera. An tsira da katifa, an yi hasarar abinci.

Ashe tambayar ita ce: ƙaƙa za mu zauna da mussa, ta tsare mana hatsi, kayan ɗakinmu kuma su zauna lafiya? Akwai hanya. Ba ta da wuya, kuma ba ta cin kuɗi.

Mi ya kawo mussa gidan mutum?

Asalin mussar gida, mussar daji ce ta Afirka, irin wadda har yanzu ake gamuwa da ita a dajin Sahel. Masana na ganin ita ta kawo kanta. Lokacin da mutane sunka fara noma suna ajiye hatsi, ɓeraye sunka taru ga rumbuna. Mussa ta biyo ɓera. Mutum ya ga amfaninta, ya bar ta ta zauna.

Zaman ya daɗe. A shekarar 2004, masu tonon tarihi sunka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus. Kabarin ya kai wajen shekara 9,500. A cikinsa akwai mutum, kusa da shi kuma an rufe mussa. A Masar ma akwai zanen mussa cikin gidajen mutane wanda ya haura shekara 3,000.

Mu ma nan Adar, dalilin bai sake ba. Ɓera, wanda muke ce ma kusu, yana da saurin haihuwa. Cikin macen mako 3 ne da ƴan kwanaki, kuma takan haifi ɗiya 10 ko fiye a ciki guda. Dattawa na tune da shekarun 1975 da 1976, da kuma 1986 da 1987, lokacin da ɓeraye sunka yi annoba a ƙasashen Sahel, suna tone iri tun ranar da anka shuka shi.

Amma mu faɗi gaskiya. Mussa ita kaɗai ba ta ƙarar da ɓera. Sai an haɗa da shara, da toshe ramu, da ɗora buhuna bisa itace. A 2017, wani bincike da anka yi a ƙauyukan Suwazilan, can kudancin Afirka, ya nuna ɓera ya fi shakkar gidan da ke da mussa da kare tare. Duk da haka, mussa mai gadi ce wadda ba a biya. Hasara ce a kore ta saboda abin da ke da magani.

Don mi take yakushi?

Kafin a yi magani, sai a san ciwo. In mussa ta natsu, ka ɗauki ƙafarta a hankali ka ƙirga. Kowace ƙafar gaba tana da akaifa 5. Kowace ƙafar baya tana da 4. Ku yi lissafi: 5 da 5, da 4 da 4. Akaifa 18 ke nan. Tana ɓoye su cikin fata, sai in tana bukata ta fid da su.

Dalili 4 ke sa ta yakushi.

Na farko, gyaran akaifa. Akaifar mussa tana girma ɓawo bisa ɓawo, kamar albasa. In ɓawon waje ya tsufa ya dakushe, sai ta kafa shi ga icce ta ja. Tsohon ya faɗi, sabo mai kaifi ya fito. In kunka duba inda take yakushi, za ku ga ƴan ɓawon nan a ƙasa. Kamar manomi ne da ke wasa gatarinsa.

Na biyu, miƙa. Mussa tana barci da yawa, awa 12 ko fiye a yini da kwana. In ta tashi, sai ta kafa akaifa bisa wani abu ta miƙe bayanta da kafaɗunta. Mu ma muna miƙa in mun tashi.

Na uku, alama. A tsakanin yatsunta akwai wurin da ke fid da wani wari. Hancinmu ba ya jin shi, amma wata mussa tana ji. In ta yakushi ƙafar gado, ta bar shaida biyu: zanen da ido ke gani, da warin da hanci ke ji. Kamar yadda kake dasa gamba ko ka jera duwatsu ga iyakar gonarka, haka take sa iyakar gidanta. Shi ya sa take komawa wuri guda kullum. Warinta na can yana kiranta.

Na huɗu, tashin hankali ko murna. In baƙon muzuru yana ƙetaro katanga, ko an sake gida, ko an kawo sabbin kaya masu baƙon wari, yakushi sai ya ƙaru.

Kun gani, babu mugunta ciki. Ba ta san kuɗin katifa ba. Hausawa na cewa hali zanen dutse. Ba mai iya hana mussa yakushi, kamar yadda ba mai iya hana kaza tono. Abin da za mu iya shi ne mu sake mata wurin da za ta yi shi.

Kayan da ke cikin haɗari

Wasu kayan, in sun lalace, ado ne ya tafi. Wasu kuwa, lafiya ce ko abinci.

Na farko sange. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 anka raba sange mai magani wajen miliyan 2 a ƙasarmu, kuma tun daga nan ana sake rabawa lokaci lokaci. Sange yana lilo, iska na kaɗa shi, ƴar mussa kuwa ba abin da take so kamar abin da ke motsi. Ta yi tsalle ta rataya, ta bar huji. Ta wanga huji sauro zai shiga ya ciji yaro, ya sa masa masassara.

Na biyu buhun wake mai ninki 3, wanda ake kira PICS. Tun 2007 anka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma, da hannun masu binciken noma na INRAN a Maraɗi. Yana da leda 2 a ciki da buhu 1 a waje. Sirrinsa shi ne iska ba ta shiga, don haka ƙwarin wake ba su iya rayuwa su hayayyafa. In akaifa ta ratsa ta huda ledojin, iska ta samu hanya, ƙwari su farfaɗo. Kana zaton wakenka na nan lafiya, sai ranar da ka buɗe ka iske gari.

Na uku tabarma. Tabarmin Madawa sun yi suna, kuma duk macen da ke saƙar kaba ta san kwana nawa take ɗauka kafin ta gama guda. In mussa ta ja bakin tabarmar da za a kai kasuwa, kuɗinta ya faɗi.

Sannan ga kayan amarya: gado, katifa, kujeru, labule, matashin fata. Iyaye sun yi shekaru suna tari. Ga kuma buzun salla na mai gida. Abin da zai iya haɗa mata da miji, ko kishiya da kishiya, ba ƙaramin abu ba ne.

Abubuwan da ba su magani

Duka ba ya magani. Mussa ba ta haɗa dukan yanzu da abin da ta yi ɗazu. Abin da za ta koya shi ne tsoronka. Sai ta jira ka fita ta yi yakushinta. Kuma tsoro yana ƙara mata yakushi.

Ɗaure ta da igiya, ko rufe ta cikin ɗaki babu ci babu sha, zalunci ne. Malamanmu sun sha faɗa mana hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, na matar da anka yi ma azaba saboda mussar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Sahabi Abu Huraira kuwa, sunansa ya samo asali ne daga ƴar mussar da yake ɗauke da ita.

Cire akaifa daga tushe mugun aiki ne. Akaifar mussa a manne take da ƙashin ƙarshe na yatsa. Cire ta daidai yake da a guntule ma mutum gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa. A 1987 ƙasashen Turai sunka ƙulla yarjejeniyar kare dabbobin gida wadda ta hana wanga aiki. A Amurka, jahar Niyok ta hana shi a 2019. Mussar da ba ta da akaifa tana shan wahalar kama ɓera, da kuma hawan icce ta tsere ma kare.

Kada ku fesa maganin ƙwari na gona bisa kujera ko katifa don ku kore ta. Wasu magungunan, kamar wanda ake kira farmetirin, suna sa mussa rawar jiki da farfaɗiya har ta mutu. Ku tuna kuma, bisa katifar nan ɗiyanku ke kwana.

Iccen yakushi

Ga maganin. Ku yi mata wurin yakushi nata na kanta, wanda ya fi kayan ɗakinku daɗi gare ta.

Da farko ku yi kwana 2 ko 3 kuna lura da ita. A tsaye take yakushi, kamar ga ƙafar gado ko jikin kujera? Ko a ƙasa, kamar bisa tabarma? Mi ta fi so: icce, ko kaba, ko ƙyalle? Wane lokaci? Abin da kunka gani shi zai nuna muku irin wanda za ku yi mata.

In mai yakushi a tsaye ce, ga yadda ake yi:

1. Ka samo busasshen icce mai kaurin taɓarya ko ya fi. Wanda ke da ɓawonsa ya fi kyau. Reshen dogon yaro ya isa.

2. Tsawonsa ya zama idan an kafa shi, mita 1 ta rage a waje, wato wajen kamu 2. Mussa na son ta miƙe sarai. Gajeren icce ba ya yi mata.

3. Ka gina rami mai zurfin kamu 1, ka kafa shi, ka daɓe da ƙasa da tsakuwa. Ka girgiza shi da hannu. In yana motsi, ka ƙara daɓewa. Wanga shi ne babban sharaɗi. In icce ya taɓa faɗo mata, ba ta sake kusantarsa. Ƙafar gado ba ta motsi, shi ya sa take sonta.

4. In iccen santsi gare shi, ka naɗa masa igiyar kaba ko ta rama tun daga ƙasa har sama, a matse, babu tsakani. Ka ɗaure bakin da kyau. Kada ka bar ƙusa ko waya a waje, don kada ta ji ciwo.

In ɗakin siminti ne, ba halin gina rami, sai kafinta ya kafa iccen bisa faffaɗan katako mai nauyi. Ko ka ɗaure shi tam ga ginshiƙin rumfa.

In mai yakushi a ƙasa ce, ka ajiye mata gungumen icce a kwance, ko tsohon turmi da ya tsage, ko guntun tsohuwar tabarma da anka ɗaure tam bisa katako.

Gargaɗi guda. Kada a sare ɗanyen icce saboda wanga aiki. Mutanen Buza sun san wahalar da anka sha tun 1975 wajen dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya. Mutanen Keita, musamman mata, sun san duwatsun da sunka ɗauka da itacen da sunka dasa tun 1984, lokacin da anka fara babban aikin raya ƙasar Keita. Busasshen reshe, ko ragowar iccen gini, ya wadatar.

Ina za a kafa shi?

Mutane da yawa nan suke kuskure. Su yi icce mai kyau, su kai shi bayan gida inda ba kowa, sannan su ce mussa ta ƙi. Ai alama take sawa, kuma ba a sa alama inda ba mai gani.

Ka kafa shi dab da abin da take ɓatawa. In kujera ce, gefen kujerar. In ƙafar gado ce, kusa da gadon ko bakin ƙofar ɗakin. Ka yi na biyu kusa da inda take kwana, tun da in ta farka yakushi take fara yi. In mussa 2 gare ku, kowace da nata. In ta saba, kana iya gusar da shi kaɗan kaɗan, taki 1 a ƴan kwanaki, har ya kai inda kake so.

Ƙaƙa ake koya mata?

Kada ka kama ƙafafunta ka goga ga iccen da ƙarfi. Tsorata za ta yi. Ka ɗaura gashin kaza ga zare, ka riƙa jan shi sama bisa jikin iccen. Za ta yi tsalle ta kama. Da akaifarta ta shiga igiya, za ta ji daɗin wurin, kuma ta bar warinta. Ka yi haka da sassafe da kuma magariba, lokacin da ta fi kuzari.

Duk sa'ad da ta yakushi iccen, nan take ka ba ta ɗan abu: guntun kifi, ko ɗan nama, ko ka shafa kanta. Nan take, ba bayan ka gama abin da kake yi ba. In ka daɗe, ba ta san ladan mi ka ba ta ba.

In ka kama ta tana yakushin katifa, ka tafa hannu sau ɗaya. In ta tsaya, ka jawo ta wajen iccen da zaren nan. Babu ihu, babu jifa.

Abin yana son haƙuri. Wata mussa kwana kaɗan ta gane, wata sai an yi makonni. Sannu ba ta hana zuwa. Amma dole duk gidan ya zama baki ɗaya. In uwa na hanawa yara na bari, aikin banza ne.

In iccen ya tsufa ya yi kaca-kaca, kada ki yar da shi don ya yi muni. A lokacin ne ta fi sonsa, domin ya cika da alamarta.

Kare kayan

Yayin da take koyo, sai a rage ma kayan ɗaki daɗi.

Ki wanke inda ta saba yakushi da ruwa da sabulu, don warinta ya gushe. Ki rufe wurin da leda mai kauri, ki ɗaure. Akaifa ba ta kama santsi. Wasu na ajiye ɓawon lemu a wurin, domin mussa da yawa ba su son ƙamshinsa. Yana yi ga wata, ba ya yi ga wata. Ku gwada.

Da safe, ki naɗe sange ki ɗaure shi sama, kada ya riƙa lilo. In kin ga huji, ki ɗinke shi ranar, kada ki jira ya faɗaɗa.

Tabarma da buzu, in an gama da su, a naɗe a rataye. Tabarmin sayarwa a ɗora su sama.

Katifa a rufe ta da zane mai kauri, a cusa bakinsa ƙarƙashi.

Buhunan wake a ɗora su bisa itace, nesa da bango kaɗan, a rufe su da tsofaffin buhuna. Ka bar mussa ta riƙa zagaya ɗakin ajiya, amma ka kafa mata icce bakin ƙofa.

Ɗakin da babu kowa ciki, a ja ƙofa. Wagga dabara ita ta fi duka sauƙi, ita kuma aka fi mantawa.

A yanke mata akaifa?

Mussar da ke farauta, tana hawa katanga da icce, a bar mata akaifarta. Makaminta ke nan. Amma wadda ba ta fita daga ɗaki, ko tsohuwa wadda akaifarta ta lanƙwashe za ta shige mata nama, ana iya rage mata tsini. Ka danna yatsan a hankali, akaifa za ta fito. Ka duba cikin haske. Bakin fari ne, tushen kuma ja-ja ne. Jan nan jini ne da jijiya. Ɗan farin bakin kaɗai ake yankewa, da abin yanke akaifa, ba da reza ko wuƙa ba. In ba ka taɓa yi ba, ka roƙi likitan dabbobi ya nuna maka.

Ƴar mussa da yara

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. Cikin mussa wajen mako 9 ne. Ɗiyanta suna fara yakushi tun suna wajen mako 5. In za ka karɓi ƴar mussa, ka bar ta wurin uwarta har ta cika mako 8 ko fiye. Ka kafa iccen tun kafin ta shigo gida. Abin da ta fara sabawa da shi, shi za ta riƙe.

Ku faɗa ma yara: ba a wasa da mussa da hannu ko da ƙafa. In ta saba kama yatsa tana ƙarama, za ta kama shi tana babba. A yi wasa da zare ko kara. Ba a jan wutsiyarta, ba a taɓa ta tana ci, ba a ɗaukar ɗiyanta gabanta. Kuma kada a bar mussa ita kaɗai da jinjiri cikin ɗaki.

In ta yakushi mutum ko ta cije shi

Wagga magana ku riƙe ta da kyau. Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa, har minti 15. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko barkono. Sannan a tafi gidan likita ranar nan, a faɗi abin da ya faru.

Dalili kuwa, ciwon haukar kare yana kama mussa, kuma tana iya sa ma mutum. Allurar da ake yi bayan cizo tana hana ciwon in an yi ta da wuri. In alamun ciwon sun riga sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Ku yi hattara da baƙuwar mussa, da wadda halinta ya sake farat ɗaya, ko take dalala. A sanar da likitan dabbobi, shi zai faɗi yadda za a tsare ta a sa mata ido. Ku tambaye shi kuma allurar rigakafin mussar gidanku. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma wani ciwo da yakushi ke kawowa. Bayan mako 1 zuwa 3, kaluluwa ta fito a hamata ko a wuya, wani lokaci da zazzaɓi. Ƙuma ce ke yaɗa shi tsakanin mussa da mussa. In kun ga haka ga yaro, ku kai shi likita, ku faɗi cewa mussa ta yakushe shi.

Hakkinta bisa kanmu

Wasu na cewa in an ba mussa abinci ba ta kama ɓera. Ba haka ba ne. Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi tana yi. Mai yunwa kuwa ita ke satar nama, ita ke barin gida. A ba ta ruwa mai tsabta kullum, da ɗan kifi ko nama, domin tuwo kaɗai ba ya riƙe ta.

Mu mutanen ƙasar albasa, mu san wanga: albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin mussa, ɗanye ko dafaffe. Kada a riƙa ba ta miyar da ta sha albasa. Kada a ba ta maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe ta. In kun sa gubar ɓera, ku tsince matattun ku rufe cikin rami mai zurfi, don mussar da ta ci su tana iya bin su.

Abin da za mu riƙe

1. Yakushi halin mussa ne, duka ba ya hana shi.

2. A kafa mata icce dogo, mai ƙarfi, wanda ba ya motsi, kusa da abin da take ɓatawa.

3. In ta yi daidai, a saka mata nan take.

4. A naɗe sange da tabarma, a rufe katifa da buhuna, a ja ƙofa.

5. In ta yakushi mutum, sabulu da ruwa minti 15, sannan gidan likita.

Ga tambayoyin da za ku tattauna tare da malaminku:

Gida nawa ke da mussa a garinku? Waɗanda sunka kori tasu, mi sunka gani daga baya cikin rumbunsu?

Wane irin busasshen icce da wace igiya aka fi samu a wajenku?

In mussa guda tana da akaifa 18, mussa 3 akaifa nawa gare su?

Kowa ya rubuta cikin littafinsa sunayen kaya 5 na ɗakinsa da mussa ke iya ɓatawa, da yadda zai kare kowane.

Wanda ya gwada iccen yakushi, ya rubuto mana da hannunsa yadda ta kasance, ko ya yi ko bai yi ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.